Malam Kailani, Mai Cewa a Kawo Shi da Zafinsa

Kafin masu shayin bakin titi su gama dafa ruwan farko, Malam Kailani ya riga ya share gaban rumfarsa tas. Rumfar ba wata abar a zo a gani ba ce. 'Yan fallayen kwano ne a kan azara, da benci guda da ya sha baƙin mai har yana ƙyalli, da akwatin ƙarfe na kayan aiki, a lungun da ke bayan shagunan kayan gyara a Tudun Wada. Yakan yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba, sannan ya zauna ya sha kokon da mai ɗakinsa, Inna Ishatu, ta zubo masa a fulas. Ba ya sauri, ba ya kuma son a sa shi sauri. Duk wanda ya turo masa mashin da wannan farar safiya yana cewa jiya salansar mashin, wato bututun hayaƙi, ta yi masa bindiga, amsa ɗaya yake samu, ko da kuwa babbar riga ya sako.

"Je ka zaga gari da shi, ka kawo mini shi da zafinsa."

Saboda wannan magana 'yan acaba suka raɗa masa suna Da-zafinsa. A bayan idonsa suke faɗa, amma ya sani sarai, kuma ban taɓa jin ya nuna ɓacin rai ba. Shekarunsa a wannan lungu sun fi na yawancin masu tsokanar tasa a duniya. Yanzu da gwiwa ta ce masa ya isa haka, har ya yanke shawarar ajiye sifana bayan Babbar Sallah, ya kamata wani ya tsaya ya faɗi abin da mutumin nan ya yi mana, tun yana raye yana ji da kunnensa.

Wanda bai taɓa mallakar mashin mai kafireta ba, bari in gaya masa ciwon da Malam Kailani ya yi suna a kansa. Da safe mashin lafiyarsa ƙalau, bugun kik ɗaya ya tashi. Sai an yi tafiya da shi ya ɗauki zafi, an kashe an shiga wani wuri an fito, nan ne zai nuna halinsa. A buga ya ƙi, a sake bugawa ya ƙi, can sai salansa ta saki ƙara kamar an yi harbi, wani lokaci har da 'yar wuta a bakinta. Bakanikai bakfaya suke ce wa abin. Man da bai ƙone a cikin inji ba ne yake gangarawa ya taru a salansa mai zafi, ya kama a can. Wannan kowane bakanike ya sani. Abin da ba kowa ke iya faɗa ba shi ne me ya kai man can, don hanyoyin suna da yawa, kuma kowace da maganinta.

Mu kuwa a garin nan muna da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Mutum zai yini yana aiki da mashin, sai yamma ta yi ya kai wa bakanike ya ce ya kwana a nan a duba. Bakanike ya zo da safe ya tarar ƙarfe ya yi sanyi, ya buga, mashin ya tashi lafiya lau. To me zai gyara? Don kada a ce bai yi komai ba, sai ya kwance kafireta ya wanke, ya canja filogi, ya goge tanki da tsumma. Mai mashin ya hau yana murna, kafin azahar salansa ta sake yi masa bindiga a tsakiyar mutane. Ya koma wajen wani bakaniken, a sake kwana, a sake wanke kafiretar da ba ta yi laifin komai ba.

Malam Kailani ba ya karɓar irin wannan mashin ya kwana kafin ya san ciwonsa. Da farko ma ko taɓa shi ba ya yi. Idan an kawo da zafi, yakan sa a kashe, a bar shi ya huta gwargwadon yadda mutum zai shiga masallaci ya fito, sannan ya ce wa mai shi, "Tayar da shi yadda ka saba, kamar ba na nan." Sai ya koma gefe yana kallon hannun mutum da ƙafarsa, hancinsa na shaƙar hayaƙin, kunnensa na neman inda ƙarar za ta fito, ta gaba wajen kafireta ko ta baya. Sau da yawa kafin ya ɗauki sifana ya riga ya gama aikin.

Ku tambayi Alhaji Suhaibu mai hatsi, idan yana cikin raha zai ba ku labarin da bakinsa. Ya sha wahalar mashinsa har ya fara zargin ko wani ne a kasuwa ya sa masa hannu. Ya zo da shi da zafinsa kamar yadda aka ce, ya tattare babbar riga, ya yi bisimilla, ya miƙa hannu ya ja cok, ya murɗa totur son ransa, sannan ya buga. Salansa ta amsa masa, kajin lungu suka watse.

Malam Kailani ya ce, "Alhaji, wannan da ka ja, wa ya ce ka ja shi?"

"Ai haka nake yi tun ranar da na saye shi. Wanda ya koya mini hawa haka ya nuna mini."

"Da safe ya koya maka, ko?"

"Da safe ne kuwa, bayan asuba."

"To shi ya sa. Cok na sanyi ne, Alhaji. Mai yake ƙara wa inji don ya farka. Wanda ya riga ya yi zafi ka ja masa, ɗura kake yi masa, shi kuma sai ya amayar a salansa. Cire hannunka daga nan, totur ɗin ma ka ƙyale shi, ka buga kawai."

Suka ɗan jira man da ya taru ya bushe, Alhaji ya buga, mashin ya tashi sumul. Ya daɗe yana kallon hannunsa kamar na aro. Har yau idan suka haɗu a wajen jana'iza ko suna, sai Alhaji ya ɗaga hannun ya ce, "Malam, ga mai laifin nan, yana gaishe ka."

Maƙwabcinsa Onuora, mai shagon kayan gyara, wanda ya zo Zariya da ƙuruciya har ya aurar da 'ya'ya a nan, kullum cikin ƙorafi yake yana dariya. "Malam, kai kam ba ka so in sayar da kaya. Mutum ya zo zai ɗauki sabuwar kafireta, ka sa hannu a bakin salansa ka ce gasket ne kawai ya ƙone, iska na shiga." Malam Kailani yakan ce, "Baban Chidubem, in kafiretar ce ai da kaina zan rako shi." Duk da ƙorafin, Onuora ya fi kowa turo masa mutane, don kayan da Malam ya ce a saya ba a dawo masa da su ana zagi.

Kai ne, Malam Kailani, ka koya mana cewa ana iya duba mashin ba tare da an watsa hanjinsa a ƙasa ba. Mun gani, mun kuma shaida. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar Isiyaku ce ta sa.

Isiyaku ɗan acaba ne, magidanci mai iyali a Dutsen Abba, mutum mai kawaici wanda ko hon ba ya son dannawa. Layin 'yan acaba na kusa da masallacin Juma'a yake tsayawa, kuma duk abin da ake ci a gidansa daga wannan layi yake fitowa. Wata Juma'a ya ɗauko fasinja daga nesa, ya iso ana tayar da iƙama, ya kafe mashin da zafinsa ya bi sahu. Da aka sallame, jama'a na fitowa cunkus, ya buga kik ya ƙi, ya sake bugawa ya ƙi, sai salansa ta yi wata irin bindiga da ta amsa har cikin masallaci.

Mutanen da suka taɓa jin ƙarar bindiga ta gaske ba sa tsayawa tambaya. Kowa ya ranta a na kare, takalma suka zube, aka bi ta kan masu talla. Inna Rakiya, tsohuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin ƙofa, aka ture ta ta faɗi a kan hannunta, wuyan hannun ya karye. Da hankali ya dawo aka gane mashin ne, sai tsoro ya koma fushi.

Da a ce mashin aka zarga, da da sauƙi. Amma kowa ya san wasan banzan da wasu matasan 'yan acaba ke yi ranar kai amarya. Suna cikin gudu sai su kashe makulli su kunna, don salansa ta yi bindiga a kalle su. Nan take wani ya ce ai da gangan Isiyaku ya yi, wani ya rantse ya ga hannunsa a kan makulli, magana ta bi gari. Ciyaman ɗin layin, Mika'ilu, mutum ne mai tsare gida, kuma tsoro yake kada a tashi layin gaba ɗaya daga bakin masallaci. Ya karɓe rigar layi mai lamba daga hannun Isiyaku, ya ce a kai mashin a duba. In an sami ciwo, a mayar masa da rigarsa. In ba a samu ba, to shi ne ciwon, sai ya nemi wani wuri.

Aka kai wa bakanike, mashin ya kwana, da safe ya tashi bugu ɗaya a gaban wakilan layi. Aka kai wa wani, nan ma haka. "Lafiyarsa ƙalau," in ji su, kuma ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani suka faɗa. Wannan shaida ta gama da Isiyaku, don babu layin da zai karɓi wanda aka kora da sunan ya karya tsohuwa saboda neman a kalle shi. Ya je Tudun Jukun gaishe da Inna Rakiya, babban ɗanta Mujahid ya tare shi a zaure ya ce ba ta son ganinsa. Wannan ya fi korar yi masa ciwo, don ita ce take ƙulla masa gyaɗa kowace Juma'a ta ce ya kai wa yara.

Onuora ne ya gan shi zaune a kan mashin a gefen titi, ba rigar layi ba fasinja, ya yi tagumi. Ya ce, "Kai, me kake jira a nan? Kai shi wajen Da-zafinsa mana."

Malam Kailani ya saurari labarin tun daga farko har ƙarshe bai katse shi ba. Da Isiyaku ya gama, Malam ya ce masa ya hau mashin ya je Gyallesu ya dawo, kada ya tsaya ko'ina. Isiyaku ya je ya dawo, aka kashe, aka jira, aka ce ya tayar yadda ya saba. Bai ja cok ba, bai murɗa totur ba, hannunsa bai koma kan makulli ba bayan ya kunna. Ya yi ta bugawa har ya fara haki, sannan salansa ta saki abin da ta saki ranar Juma'a. Isiyaku ya runtse ido, don yanzu shi kansa tsoron ƙarar yake ji.

Malam ya duba bakin salansa inda ta haɗu da inji, babu baƙin hayaƙin da ke nuna iska na shiga. Ya cire filogi ya kalla, ya gwada wutarsa, wuta ƙalau. Ya leƙa ƙarƙashin kafireta, ba ta ɗigar da mai. Sai ya ce wa Isiyaku ya sauka, ya ɗora ƙafar nan tasa mai ciwo a kan kik ya taka a hankali, yana sauraron abin da ƙafar za ta gaya masa. Kik ɗin ya tafi ƙasa laƙwas, ba turjiya.

"Da safe ma haka yake da laushi?"

"A'a, Baba. Da safe yana da tauri, sai na sa ƙarfi."

"Akwai wanda ya taɓa maka bawul kwanan nan?"

Isiyaku ya ce, "Akwai wata 'yar ƙara, cak-cak-cak, da yake yi a kan inji. Fasinjoji suna cewa mashina ya tsufa. Shi ne na sa aka ɗaure mini ita har ta yi shiru."

Malam Kailani ya girgiza kai. Ya daɗe yana faɗa da 'yan acaba a kan wannan, ba sa ji. Ya zaunar da shi a benci ya yi masa bayani dalla-dalla. Bawul ƙofa ce, ta nan hayaƙi ke fita daga inji zuwa salansa. Da gangan masu ƙera mashin suka bar 'yar rata a samanta, siririya kamar kaurin reza, saboda ƙarfe idan ya yi zafi miƙewa yake yi. Wannan ratar ce ke yin 'yar ƙarar da fasinjoji suka raina. Da aka ɗaure ta, sai ƙarfen ya rasa inda zai miƙe. Da sanyi ƙofar na rufuwa daidai, shi ya sa mashin ke tashi da safe. Da zafi kuwa sai ta tsaya a ɗan buɗe, ƙarfin inji ya zurare, kowane bugun kik ya tura ɗanyen mai cikin salansa, har wuta ta bi ta ƙofar ta same shi.

Isiyaku ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo ruwa. "Alhamdu lillahi. Baba, don Allah gyara mini shi yanzu."

"Ba zan gyara ba."

"Baba?"

"Zauna. In na gyara shi yanzu, gobe ka je ka ce wa Mika'ilu me? An duba an ce ba ciwo, an sake dubawa an ce ba ciwo. In ƙarar ta ɗauke haka kawai, cewa za a yi ka ji wuta ne ka daina. Ciwon nan shi ne shaidarka, Isiyaku. Ba zan kashe maka shaida ba sai an ji ta bakinsa."

Ni dai a nan na sara wa mutumin nan. Bakanikai nawa ne za su ga ciwo ƙuru-ƙuru, sifana na hannunsu, su iya danne zumuɗin nuna gwaninta? Shi kuwa ya rufe akwatinsa, ya ɗauki sanda, ya ɗingisa har layin 'yan acaba da ƙafarsa, don ya san aike ba zai kawo Mika'ilu ba.

Mika'ilu ya sauko daga kan mashin ya gaishe shi da ladabi, amma fuskarsa a ɗaure. "Baba, ba ƙin maganarka na yi ba. An duba mashin ɗin nan a gabana, ba labari aka ba ni ba."

"Da safe?"

"Da safe."

"To, Ciyaman, zo ka duba shi da rana. Kuma kai za ka hau, kai za ka kashe, kai za ka tayar. Isiyaku ba zai matso kusa ba. A kira mini ɗan Inna Rakiya ma, shi ma yana da haƙƙin gani."

Washegari da rana tsaka lungun ya cika. 'Yan layi sun zo, Mujahid ya zo yana cin magani, Onuora ya bar shagonsa a buɗe ya tsaya a bakin rumfa. Mika'ilu ya hau mashin ɗin ya tafi ya zaga, ya dawo ya kashe, ya zare makulli ya jefa a aljihu. Aka zauna jira. Isiyaku na can gefe ya haɗa hannuwa a baya, zufa na bin wuyansa, don ya san in mashin ya tashi lafiya a gaban mutanen nan, tasa ta ƙare a acaba, kuma ba zai sake iya ɗaga kai a Tudun Wada ba. Ya raɓo kusa da Malam ya yi ƙasa da murya.

"Baba, in bai yi ba fa?"

Malam Kailani ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Zai yi. Ƙarfe bai san ciyaman ba."

Da lokaci ya yi, Mika'ilu ya kunna, ya ɗaga hannayensa biyu kowa ya gani, ya kama kan mashin ya buga. Shiru. Ya sake bugawa, shiru. Wani a cikin 'yan layi ya fara cewa ai ga shi nan ba komai, bai rufe baki ba salansa ta tashi lungun. Hular Ciyaman ta faɗi, Mujahid ya tsinci kansa a bayan benci, Onuora ya riƙe ciki yana dariya. Mika'ilu ya sauko yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Wallahi tallahi ban taɓa makulli ba!"

Malam Kailani ya ce, "Shi ma haka ya ce muku."

Dariyar ta ɗauke. Waɗanda suka rantse sun ga hannun Isiyaku a kan makulli suna nan a wajen, kowannensu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Sai a lokacin Malam ya ce yanzu kam mashin zai kwana a rumfa, don bawul ba a saita shi sai ƙarfe ya huce sarai. Da safe a gaban mutanen jiya ya buɗe murfin kan inji, ya ɗauko siririn ƙarfen da yake auna rata da shi, ya miƙa wa Mujahid ya ce ya zura. Ƙarfen ya ƙi shiga ko kaɗan. Malam ya sassauta, ya auna, ya ɗaure, ya sake aunawa, ya rufe. Da aka tayar, 'yar ƙarar nan ta dawo, cak-cak-cak, kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabta. Ya nuna Isiyaku da sifana ya ce, "Duk fasinjan da ya ce maka mashinka ya tsufa, ka ce ka ji. In ka sake bari aka ɗaure ta, kada ka zo nan." Mika'ilu ya sake zagawa da shi, aka kashe, aka jira, ya buga sau ɗaya ya tashi.

Ciyaman bai jira an gaya masa abin da ya kamata ba. Ya ciro rigar layi daga jakarsa ya saka wa Isiyaku da hannunsa, ya ce, "Malam Isiyaku, mun zalunce ka, ni ne a gaba. Ka yafe mana." Isiyaku ya ce ya yafe, amma idonsa na kan Mujahid. Mujahid ya ce zai gaya wa Inna duk abin da ya gani, sai dai ba zai yi alkawarin komai ba, don tsohuwar tana da zuciya, kuma hannun har yanzu yana hana ta barci.

Kai ne, Malam Kailani, ka ga cewa abu biyu aka turo maka rumfa ranar, mashin da sunan mutum, ka kuma san wanda ya kamata a fara gyarawa. Kai ne ka taka ƙafar da likita ya ce ka hutar, ka je ka roƙi wanda ka girme wa ubansa, don magidancin da ba ɗanka ba ba ƙaninka ba. Kunnen Tudun Wada, mai jin ciwo tun ƙarfe na da zafi! Ba ka da allo a bakin titi, ba a taɓa kiranka taro an ba ka lambar yabo ba, amma akwai gidajen da ake ambaton sunanka a addu'a ba ka sani ba.

Tun daga lokacin Isiyaku ya ɗaukar wa kansa kai Malam masallaci kowace Juma'a, saboda gwiwar ba ta kai shi da ƙafa. Makonni suka shige, wajen zaman Inna Rakiya a bakin ƙofa ba kowa. Sai wata Juma'a da aka sallame suka fito suka gan ta, farantin gyaɗa a gabanta, wuyan hannun a naɗe da ƙyalle. Mashin na kafe kusa da ita, da zafinsa, don a makare suka iso. Isiyaku ya gaishe ta, ta amsa a gajarce ba ta ɗago ba. Ya tsaya yana shawarar ko ya tura mashin ɗin nesa kafin ya tayar.

Malam Kailani ya hau baya ya gyara zama, ya ce, "A nan za ka tayar da shi."

Masu talla na kusa suka ja kayansu baya. Inna Rakiya ba ta motsa ba, ta dai zuba wa ƙafar Isiyaku ido. Ya yi bisimilla ya buga. Inji ya kama a hankali, ba abin da ake ji sai 'yar cak-cak ɗin nan. Tsohuwar ta saurara, ta saurara, sannan ta sa hannunta mai lafiya ta ɗebi gyaɗa ta ƙulla a leda ta miƙa masa.

"Ungo, kai wa yara. In ka sauke Malam ka dawo ka kai ni gida, farantin nan ya yi mini nauyi yanzu."

Isiyaku ya karɓa da hannu biyu. Malam ya taɓa kafaɗarsa ya ce su tafi, mai na ƙonewa a banza.

Malam Kailani, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwar nan sauƙi, Ya sa ka huta cikin rufin asiri, Ya kuma saka wa Inna Ishatu da ta yi shekaru tana wanke baƙin mai ba ta gaji ba. Ku kuma da ya yaye, da ku da ke buɗe sababbin rumfuna daga Tudun Jukun har Dutsen Abba, benci zai zama naku, sifanonin ma zai bar muku. Ku ɗauki haƙurinsa ku haɗa da su. Kada ku ce wa mutum mashinsa lafiya ƙalau alhali da sanyin safiya kuka duba, don ba ku san abin da wannan magana za ta jawo masa a waje ba. Ku bar sifana a kan buhu tukuna, ku ce ya je ya zaga, ya kawo muku shi da zafinsa.